Yadda ake nemo i a lissafin daskarewa, tafasa da matsin osmoz in abu ya rarrabu ko ya haɗe

Salamu alaikum ƙannena ɗalibai. Tambayar nan ta yi yawa, ƴan shekarar farko na jami'armu ta nan Damagaram suna yi, masu karatun lafiya suna yi, har da wasu ƴan tarminal masu son leƙa gaba: wai me ya sa in ka narkar da mol ɗaya na gishiri a ruwa kilo ɗaya, ka narkar da mol ɗaya na sukari a wani kilo ɗaya, ruwan gishirin sai ya sauka kusan ninki biyu kafin ya daskare, kuma daga ina ake samo ƙaramin harafin nan i da ake liƙa wa fomil ɗin? To ga shi nan daki-daki, ku ɗauko kaye ku bi ni da bik a hannu don karantawa kawai ba ta zaunar da shi.

Abu ɗaya za ku riƙe kafin komai. Halaye huɗun nan, wato saukar digirin daskarewa, hawan digirin tafasa, raguwar matsin tururi, sai kuma matsin osmoz (wato ƙarfin da ruwa ke ratsa siririyar fata da shi zuwa gefen da ya fi kauri), ba ruwansu da nauyin abin da ka zuba ko sunansa, yawan ƙwayoyin da ke yawo a cikin ruwan kawai suke ƙirgawa. Kamar a tasha ne, kai ake ƙirgawa, ƙato da siriri duk mutum ɗaya-ɗaya ne. Shi i ɗin, wanda ake kira lambar van 't Hoff, amsar tambaya ɗaya ce: kowace ƙwaya ɗaya da na zuba, ƙwaya nawa ta zama a ciki?

Kayan aiki

Kaye, bik, tablon nauyin atom da kalkilatiris (ta salula ma ta isa in ba a ɗakin jarabawa kake ba). Sai waɗannan lambobi, a rubuta su a shafin farko:

Ruwa: Kf (lambar daskarewa) = 1,86 sannan Kb (lambar tafasa) = 0,512
Benzen (wani ruwan narkarwa ne mai kama da mai): Kf = 5,12 sannan Kb = 2,53, yana daskarewa a digiri 5,5 yana tafasa a 80,1
R (lambar da ake sa wa fomil ɗin osmoz) = 0,0821 in kana aiki da litar da atmosfar, ko 8,314 in kana aiki da mita kib da paskal

Hattara: Kb na ruwa 0,512 ne, Kf na benzen kuma 5,12. Lambobin iri ɗaya ne, wurin birgil ne kawai ya bambanta, kuma wallahi nan ake yawan zubar da maki. A ja musu layi.

Mataki na 1: Kalli abin da aka narkar, ka kuma kalli ruwan da ya narkar da shi

Kar ka taɓa kalkilatiris tukuna. Karanta tambayar ka sa abin cikin ɗayan gidaje huɗu.

Na farko waɗanda suke narkewa amma ba sa rarrabuwa, molekil ɗin yana shiga ruwa yadda yake ya zauna yadda yake: sukarin shayi, gulukoz, ure irin na takin zamani, giliserin. Waɗannan i = 1, babu wani dogon zance.

Na biyu masu rarrabuwa gaba ɗaya zuwa iyon, wato ƙwayoyi masu caji: gishirin miya NaCl, KCl, CaCl2, Na2SO4, da asid masu ƙarfi irin HCl, da baz masu ƙarfi irin NaOH. Nan i yana kusa da yawan iyon ɗin.

Na uku masu rarrabuwa kaɗan, irin asid asetik na cikin binegar ko amoniyak a cikin ruwa. Nan i ya ɗara 1 da ɗan kaɗan, ba ya kai 2.

Na huɗu masu haɗewa, molekil biyu su kama juna su koma kamar ɗaya. Asid asetik da asid benzoyik suna yin haka a cikin benzen. Nan i yana ƙasa da 1.

Ka lura asid asetik ya fito a gida biyu? Ba kuskure ba ne, kuma shi ya sa na ce a kalli ruwan narkarwar. A cikin ruwa molekil ɗin ruwa suna kewaye shi suna janye masa H+ kaɗan-kaɗan, a cikin benzen kuwa babu mai janye masa komai, sai ya juya ya kama ɗan'uwansa da igiyar idrojen guda biyu. Abu ɗaya ne amma a wancan i ya fi 1, a wannan ya kusa rabi. Duk wanda ya tsallake kalmar benzen a cikin tambaya ya gama faɗuwa tun kafin ya fara.

Mataki na 2: Rubuta rarrabuwar ka ƙirga n

n shi ne yawan ƙwayoyin da ɗaya take bayarwa in ta rarrabu duka. Ka rubuta da hannunka, kar ka yi da ka:

NaCl ya ba da Na+ da Cl-, n = 2
CaCl2 ya ba da Ca2+ ɗaya da Cl- biyu, n = 3
Na2SO4 ya ba da Na+ biyu da silfat ɗaya, n = 3
Al2(SO4)3 ya ba da Al3+ biyu da silfat uku, n = 5
K4[Fe(CN)6] ya ba da K+ huɗu da dunƙulen cikin baka ɗaya, n = 5

Hattara: iyon masu atom da yawa irin su silfat, nitrat, karbonat da amoniyom ba sa wargajewa, dunƙule ɗaya ake ƙirga su. Na kan ga ɗalibi ya ƙirga atom ɗin Na2SO4 ya samu 7 ya rubuta i = 7, a'a, 3 ne. Haka abin da ke cikin baka mai kusurwa, ɗaya ne komai tsawonsa. Sannan cajin iyon ba ya shiga ƙirge, Ca2+ ƙwaya ɗaya ce duk da cajinta biyu.

In tambayar ta ce a ɗauka abin ya rarrabu gaba ɗaya, ko kuwa ba ta ce komai ba alhali gishiri ne mai ƙarfi a ruwa mai yawa, to i = n ka wuce.

Mataki na 3: Mayar da garam zuwa mol, ka nemo molalite

Mol = garam a raba da nauyin mol. Molalite m = mol na abin da aka narkar a raba da kilo na ruwan narkarwa shi kaɗai.

Misali garam 5,85 na gishiri a ruwa garam 500. Nauyin mol na NaCl 58,5 ne, ka ga mol 0,1 kenan. Ruwa garam 500 kilo 0,5 ne. m = 0,1 a raba da 0,5 = 0,2. Na sukari kuwa nauyin mol ɗinsa 342, sai ka zuba garam 34,2 kafin ka samu mol 0,1 ɗin nan, a ruwa garam 500 shi ma m = 0,2.

Kurakurai uku ke nan wurin kuma kullum su ne. Mantawa da mayar da garam zuwa kilo, sai amsa ta fito ƙarama sau dubu. Haɗa nauyin gishirin da na ruwan a ƙasan rabawa, alhali ruwan kaɗai ake so, in an ce maka gaurayen gaba ɗaya garam 200 ne kuma gishiri garam 10 ne a ciki to ruwanka 190 ne ba 200 ba. Na ukun shi ne gishirin da ke ɗauke da ruwa a jikinsa, irin CaCl2·2H2O: nauyin mol ɗinsa 147 ne ba 111 ba, dole ka sa ruwan cikin nauyin, amma wajen ƙirga n ba ka ƙirga shi, n yana nan 3.

Mataki na 4: Zaɓi fomil ka sa i a gaba

Daskarewa: ΔTf = i × Kf × m
Tafasa: ΔTb = i × Kb × m
Osmoz: π = i × C × R × T
Tururi: ragin matsi a raba da matsin ruwa zalla = (i × mol na abin) a raba da (mol na ruwa + i × mol na abin)

Mu ci gaba da misalinmu. Gishiri: 2 × 1,86 × 0,2 = 0,744, ruwan zai fara daskarewa a digiri 0,744 ƙasa da sifili. Sukari: 1 × 1,86 × 0,2 = 0,372. Ka gani, garam 5,85 na gishiri ya yi ninkin aikin garam 34,2 na sukari, don kawai kowace ƙwayarsa ta koma biyu.

Hattara: ΔT tazara ce, ba ita ce amsar ƙarshe ba in an tambayi digirin kansa. Na daskarewa a cire daga na ruwa zalla, na tafasa a ƙara. In benzen ne daga 5,5 za ka cire ba daga sifili ba, wannan ma ana yawan mantawa.

Na tafasa bari in ba ku lissafin da zai kashe wata gardama ta gida. Ana cewa in an sa gishiri a tukunya ruwa ya fi zafi abinci ya fi saurin nuna. Garam 10 na gishiri a litar ɗaya molalite 0,171 ne, 2 × 0,512 × 0,171 = 0,175, ko kashi ɗaya cikin biyar na digiri bai kai ba. Gishiri don ɗanɗano ne, gawayinki ba zai ragu ba ƙanwata.

Na osmoz ya sha bamban da sauran a wuri biyu: C molarite ce, mol a litar ɗaya na gaurayen duka, kuma T dole a kelbin, wato ka ƙara 273. In ka sa 37 a maimakon 310 amsar ta lalace. Na tururi ba shi da wata wahala, a misalin gishirinmu ruwa garam 500 mol 27,8 ne, i × mol na gishirin kuma 0,2, to 0,2 a raba da 28 ya ba da kusan 0,007, matsin tururin ya ragu da ƙasa da kashi 1 cikin 100. Abin lura kawai i yana shiga sama da ƙasa duka.

Mataki na 5: In an ba ka abin da aka auna, ka koma da baya ka nemo i da alfa

Nan ne tambayoyin masu maki da yawa suke, kuma nan nake so ku daɗe. Sai a ce maka an auna an ga ruwan ya daskare a digiri kaza, nemo kashi nawa na abin ya rarrabu. Hanyar ita ce:

Da farko ka yi lissafin kamar abin bai rarrabu ba sam, i = 1. Sannan i na gaskiya = abin da aka auna a raba da wanda ka lissafa. Sannan alfa (wato kason abin da ya rarrabu) = (i − 1) a raba da (n − 1).

Misali garam 1,11 na CaCl2 a ruwa garam 100, an auna saukar daskarewa 0,48. Mol 0,01, kilo 0,1, m = 0,1. Da bai rarrabu ba da 1,86 × 0,1 = 0,186 za a gani. i = 0,48 a raba da 0,186 = 2,58. n = 3, to alfa = 1,58 a raba da 2 = 0,79, kashi 79 cikin 100.

Ni dai ba na son ɗalibi ya haddace fomil ɗin alfa kamar karatun aku, don ranar jarabawa sai ya rikice tsakanin n − 1 da 1 − n. Ga dabarar da ba ta ɓacewa: ka ɗauka ƙwaya 100 ka zuba. In 79 sun rarrabu kowace ta ba da 3, sun zama 237, ga 21 da suka rage yadda suke, duka 258, a raba da 100 da ka fara da su, 2,58. Shi ke nan fomil ɗin, i = 1 + alfa × (n − 1), ba wani sihiri a ciki. Ko ka manta komai ƙirgen ɗari zai dawo maka da shi.

Na asid mai rauni ma haka ne. Asid asetik mai molalite 0,1 a ruwa, kusan kashi 1,3 cikin 100 ne kawai ke rarrabuwa, i = 1,013, saukar daskarewa wajen 0,188 a maimakon 0,186. Tazarar ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa a irin wannan tambaya kar ka yanke lambobin bayan birgil da wuri, in ka mayar da 1,013 zuwa 1,0 ka share amsar da hannunka. A bar lamba huɗu har ƙarshe.

Gwajin hankali kafin ka wuce: alfa dole ya faɗa tsakanin 0 da 1, i na mai rarrabuwa dole tsakanin 1 da n. In ka samu alfa 1,4 ko i = 3,6 a kan CaCl2, ba sabon ilimi ka gano ba, koma mataki na 3 ka duba kilo da nauyin mol.

Wani zai ce to malam, ba ka ce CaCl2 yana rarrabuwa duka ba, ya aka yi alfa ya zama 0,79? Tambaya mai kyau. Gishirin ya rarrabu, amma iyon masu caji kishiyar juna suna jan juna, wasu su ɗan manne na ɗan lokaci su yi tafiya tare, sai ƙirgen ya ragu. Gwargwadon kaurin gaurayen da girman cajin, gwargwadon raguwar. NaCl a molalite 0,1 i ɗinsa wajen 1,87 ne, a 0,01 ya hau 1,94, a 0,001 ya kai 1,97, yana matsowa 2 in ruwa ya yi yawa. MgSO4 kuwa da iyon ɗinsa biyu duk caji biyu-biyu gare su, a 0,1 wajen 1,21 kawai yake bayarwa duk da n ɗinsa 2 ne. Don haka alfa da ake samu wa irin waɗannan na zahiri ne, abin da awo ya nuna.

Mataki na 6: In haɗewa ce

Tafiyar ɗaya ce, sai dai ƙirgen raguwa yake. Koma ga ɗarinka: ƙwaya 100, in 90 sun kama juna bibbiyu sun zama 45, ga 10 da suka rage, duka 55, i = 0,55. A fomil: i = 1 − alfa × (1 − 1/n), n nan shi ne yawan waɗanda ke haɗuwa su zama ɗaya. In bibbiyu ne sai ya zama alfa = 2 × (1 − i).

Misali garam 0,6 na asid asetik a benzen garam 50, an auna saukar daskarewa 0,55. Nauyin mol 60, mol 0,01, kilo 0,05, m = 0,2. Ba tare da haɗewa ba 5,12 × 0,2 = 1,024. i = 0,55 a raba da 1,024 = 0,537. Alfa = 2 × 0,463 = 0,926, kusan kashi 93 cikin 100 sun haɗe. Digirin daskarewar kansa 5,5 − 0,55 = 4,95.

Sau da yawa sai a juya tambayar a ce nemo nauyin mol na zahiri. Nauyin zahiri = nauyin gaskiya a raba da i. A nan 60 a raba da 0,537 ya ba da wajen 112, ya kusa 120 wato ninki biyu. Na CaCl2 kuwa 111 a raba da 2,58 ya ba da 43. Ka riƙe wannan: mai haɗewa nauyinsa na zahiri ya fi na gaskiya, mai rarrabuwa nasa ya gaza. In ka ga akasin haka ka juya rabawar ne.

Hattara: masu haɗewa bibbiyu i ba ya sauka ƙasa da 0,5. Kuma don Allah wannan a takarda kawai za a yi shi, kar wani ya je neman benzen don gwaji a gida, yana kamawa da wuta kuma shaƙarsa tana jawo kansar jini.

Mataki na 7: Gwada da hannunka, gishiri da sukari

Wannan ba dole ba ne don jarabawa amma wanda ya gani da idonsa ba ya mantawa, kuma ba sai an shiga labo ba.

Abin da za a nema: ƙanƙara kamar kilo ɗaya zuwa biyu, gishiri mai yawa na zubawa kan ƙanƙarar, farin gishiri mai laushi na leda da sukari na awo, ƙananan kwalaben magani wankakku guda uku ko tib na labo in an samu, sirinji babba daga farmasi don awon ruwa tunda mililitar ɗaya na ruwa kusan garam ɗaya ne, ƙaramar kula ko roba mai murfi, sikeli mai nuna 0,1 na garam irin na masu awon zinariya, da tarmometar na lantarki mai tsinke wanda yake sauka ƙasa da sifili yake nuna 0,1. Gishiri da sukari da ƙanƙara ƴan canji ne, a Kasuwar Dole ko butik ɗin unguwa an gama. Kuɗin yana kan sikeli da tarmometar, shawarata ku haɗu ku biyar ko shida ku yi karo-karo, ko a ari sikelin na awa ɗaya tunda awo biyu kawai za a yi da shi.

Hattara wajen sayayya: tarmometar na zazzaɓi ba zai yi ba, ba ya sauka ƙasa da digiri talatin da ƴan kai. Gishirin kantu na Bilma ma kar a yi awo da shi, akwai ƙasa da wasu gishirai a gauraye a ciki, nauyin mol 58,5 ba zai yi daidai ba, amma ya yi kyau a zuba shi kan ƙanƙara in an daka. Ruwa kuma tataccen ruwan da ake ƙara wa batir ya fi, sai dai a tabbatar tataccen ruwa ne ba asid ɗin batir ba, a karanta jikin goran da kyau. In babu, piya wata ma ta wadatar muddin iri ɗaya aka sa a duka ukun.

Haɗa gaurayen. Ruwa garam 100 da sukari garam 17,1. Wani ruwa garam 100 da gishiri garam 2,9. Dukansu molalite 0,5 kenan. Na uku ruwa zalla. A motsa har sai ba a ganin ko ƙwaya ɗaya a ƙasa, abin da bai narke ba ba ya cikin ƙirge.

Daka ƙanƙarar ta yi ƙanana, a zuba gishiri kamar kashi ɗaya a kan ƙanƙara kashi uku a cuɗa da cokali. Wannan haɗin yana iya sauka har wajen digiri 21 ƙasa da sifili, shi kansa aikin wannan darasi ne. Kar a riƙe shi a tafin hannu, yana ƙona fata kamar wuta, kuma a hana yara wasa da shi. Da zafin garin nan gara a yi da sassafe a cikin inuwa, in lokacin hunturu ne ma ya fi, ƙanƙarar ta fi daɗewa.

Fara da ruwa zalla, mililitar 10 a kwalba, a nutsa ta cikin ƙanƙarar, tsinken tarmometar a tsakiyar ruwan kar ya taɓa gindi ko gefen kwalbar, ana motsawa a hankali ana rubuta lamba duk bayan daƙiƙa 30. Inda lambar ta tsaya shi ne sifilinka. In tarmometar ɗinka ya nuna 0,3 ko ya nuna ƙasa da sifili da 0,2, ba komai, daga nan za ka riƙa auna tazarar sauran. Wanda ya tsallake wannan duk sakamakonsa zai karkace.

Sai na sukari, sai na gishiri, ana wanke tsinken ana goge shi a tsakani. Za ka ga wani abu da ke rikita mutane: lambar ta yi ta sauka ta wuce inda kake tsammani, ruwa bai daskare ba, can sai ƙanƙara ta fito farat ɗaya lambar ta yi tsalle ta dawo sama. Inda ta kai bayan tsallen nan shi za ka rubuta, ba mafi ƙasan da ta taɓa ba. Kuma kar ka jira duka ya zama dutse, don ruwa ne kawai ke daskarewa, abin da ya rage yana ƙara kauri, lambar za ta ci gaba da zamewa ƙasa a hankali.

Saukar da ake sa ran gani ƙasa da sifilinka: sukari wajen 0,9 zuwa 1,0, gishiri wajen 1,7. A takarda na gishirin 2 × 1,86 × 0,5 = 1,86 ne, ka raba 1,7 da 0,93 ka samu i wajen 1,8, daidai da abin da muka faɗa a mataki na 5. A maimaita kowanne a ɗauki tsaka-tsaki.

Ban ba da shawarar a yi da tafasa ba, Kb ƙarami ne tazarar ba ta fitowa sosai a tarmometar na kasuwa, ga ruwa yana ƙafewa gaurayen yana ƙara kauri kana tsaka da awo. In kuma dole sai an yi, a sani Damagaram tana sama da teku da fiye da mita 400, ruwa zalla a nan tsakanin digiri 98 da 99 yake tafasa ba 100 ba, sai a auna nasa tukuna a ƙirga daga can.

Mataki na 8: Ga masu karatun lafiya, ƙirgen osmol

Ku naku lissafin ya fi na kowa nauyi don a jikin mutum yake ƙarewa. Osmolarite = i × molarite, in abubuwa da yawa ne a ruwa ɗaya sai a yi wa kowanne nasa a tara. Ruwan jinin mutum yana tsakanin 275 da 295 na miliosmol a kilo.

Ƙarin ruwa na gishiri 0,9 cikin 100: garam 9 a litar, a raba da 58,5 ya ba da milimol 154, sau 2, 308 kamar yadda ake rubutawa a jikin leda. Matsinsa a digiri 37: 2 × 0,154 × 0,0821 × 310 = atmosfar 7,8. In ka sa i na zahiri wajen 1,86 sai ya dawo kusan 286, cikin iyakar jini. Na gulukoz 5 cikin 100: garam 50 a raba da 180, milimol 278, sau 1, 278. Dubi yadda garam 9 da garam 50 suka zo kusa da juna. Wanda ya manta i na gishiri zai ce 154 ne, ya ɗauka rabin jini ne, kuskure babba.

Yanzu ɗauko ledar gishirin zawo ta SRO, irin wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka koma kanta tun 2002, ka yi wannan da kanka. Na litar ɗaya akwai NaCl garam 2,6, gulukoz 13,5, KCl 1,5 da sitrat na sodiyom 2,9.

NaCl: 2,6 a raba da 58,5 = milimol 44,4, sau 2 = 89
Gulukoz: 13,5 a raba da 180 = 75, sau 1 = 75
KCl: 1,5 a raba da 74,5 = 20,1, sau 2 = 40
Sitrat: 2,9 a raba da 294 = 9,9, sau 4 = 39,5

Sitrat ɗin ne tarkon, sodiyom uku da sitrat ɗaya yake bayarwa, n = 4, kuma 294 ɗin ya haɗa da ruwa biyu na jikinsa. In ka tara ka samu wajen 244, a hukumance 245 ake rubutawa, ƙasa da na jini da gangan don ruwa ya bi ta hanji ya shiga jiki.

Hattara, kuma wannan ku faɗa wa iyaye mata a fili duk lokacin da kuka miƙa leda: leda ta litar ɗaya a litar ɗaya cif ake narkar da ita. In aka zuba ta a rabin litar don a ce ta fi ƙarfi, 245 ya zama 490, ya haura na jini nesa, sai ya riƙa janyo ruwa daga jikin yaro zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru ga gishiri ya yi masa yawa. Haka in aka ƙara sukari don ya sha da daɗi, kowane garam 10 na sukarin shayi a litar yana ƙara wajen miliosmol 29. Akwai kuma ledoji ƙanana da aka yi don rabin litar, don haka a karanta abin da aka rubuta a jiki kafin a auna ruwan, a auna shi da goran da aka san cikinsa ba da ƙiyasin kofi ba.